KIƊA DA WAƘA: Albam ɗin da aka naɗa a Sakkwato, ya zaga duniya ba tare da kwali ba

Mai karatu, in kana Gwadangaji ko cikin garin Birnin Kebbi, ga wata 'yar jarrabawa da ba za ta ci maka ko sisi ba. Ka je shagon mai tura waƙoƙi da ya fi kusa da kai, irin wanda ake haɗawa da cajin waya da sayar da kati, ka miƙa masa memori ka ce ya zuba maka waƙoƙin Mdou Moctar. Hamisu Breaker yana da shi. Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa da Ado Gwanja kuwa ba sai an tambaya ba. Finafinan Indiya masu fassara, sai ka ce ya isa haka. Amma da zarar ka ambaci wannan suna, mai yiwuwa ya ɗago kai daga kwamfuta ya ce maka, "Mudu mi? Wanga suna ban taɓa jin shi ba. Ɗan Kano na?"

To, ba ɗan Kano ba ne. Ba'abzine ne ɗan Jamhuriyar Nijar, makaɗin jita, kuma a yanzu yana cikin makaɗan Afirka da aka fi sani a wajen masu sauraren kiɗan rock a Turai da Amurka. Dalilin da ya sa wannan fili ya ɗauko labarinsa shi ne albam ɗinsa na farko, mai suna Anar. A birnin Sakkwato aka naɗe shi a shekarar 2008. Wato in ka hau mota a Birnin Kebbi, ka bi ta Argungu, kafin awa uku ka isa garin da aka yi aikin. Kuma da irin kayan aikin da ake buga waƙoƙin finafinan Hausa aka yi shi, irin kiɗan nan da wasu ke yamutsa fuska suna cewa ai kiɗan fiyano ne kawai.

WANE NE SHI?

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane. An haife shi a tsakiyar shekarun 1980 a yankin Azawak da ke jihar Tawa, ƙasar Abalak da Cintabaraden, daga baya ya zauna a Agadas. Gidansu gidan addini ne, kuma iyayensa ba su so ya yi kiɗa ba. Wannan ba sai an yi wa 'yan fim dogon bayani ba, domin da wuya ka samu jarumi ko mawaƙi a industiri da bai sha irin wannan fama a gida ba.

Abin da ya ja shi shi ne ganin wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin manyan da suka kafa kiɗan jita na Abzinawa a Nijar, wanda ya rasu a 2020. Yaro ya ga jita ya ƙyasa, ga shi ba kuɗin saye, ba kuma wanda zai saya masa. Sai ya samu katako, ya ciro wayoyin birkin keke ya ɗaura, ya shiga koyo a ɓoye. Wani abin kuma, bahago ne, da hannun hagu yake kaɗawa. Ya taɓa tafiya ci-rani Libiya kamar dubban samarin yankinsu, sannan ya dawo gida ya kama kiɗa a wuraren biki.

Kiɗan da ya gada Abzinawa suna kiran sa assouf, kalmar da ke nufin kewa da begen gida. Ya samo asali ne a wajen samarin da fari da rashin aiki suka kora zuwa Aljeriya da Libiya tun daga shekarun 1970. Ƙungiyar Tinariwen ta ƙasar Mali ita ce uwa a wannan fage, har ta ci kyautar Grammy a 2012. Kafin zuwan wayar hannu, a kaset ake naɗar irin wannan kiɗa, a zauna a tsakar gida ko a daji, a ajiye rikoda a tsakiya, jita da tafi da ganga, shi ke nan. Wanda ya samu ya kwafa wa na gaba.

ME YA KAWO SHI SAKKWATO?

Duk wanda ya san hanyar Illela ya san cewa mutumin Tawa ko Ƙonni bai ɗauki Sakkwato baƙon wuri ba. Nan ake zuwa kasuwa, nan ake zuwa asibiti, nan ake zuwa karatu da ziyarar Hubbare. Haka nan kaset-kaset na finafinan Hausa sun daɗe suna tsallaka wannan iyaka suna shiga Maraɗi da Tawa da Damagaram da Agadas. Yaron da ya tashi a Nijar a farkon shekarun 2000 ya san Sangaya, ya san Wasila, ya san Mujadala, ko da Hausarsa ba ta nuna ba.

Waƙoƙin waɗannan finafinai suna da wani sauti nasu da ba ya ɓuya. Fiyano ƙirar Yamaha ce ke yin komai: ita ce ganga, ita ce sarewa, ita ce kalangu. Tun daga Sangaya na kamfanin Sarauniya a 1999, aka gane cewa mutum ɗaya a ɗan ƙaramin ɗaki zai iya fitar da kiɗan da a da sai an tara makaɗa goma. Da kwamfuta ta shigo sitidiyo kuma sai aka samu Auto-Tune, wato manhajar nan da ke sa murya ta riƙa karkarwa tana tsalle kamar ta mutum-mutumi.

Ita Auto-Tune wani injiniya ne Ba'amurke mai suna Andy Hildebrand ya ƙirƙiro ta, ta fito a 1997. Asalin aikinsa ma lissafin neman man fetur a ƙarƙashin ƙasa ne. Manufarta gyara ce: in mawaƙi ya ɗan kauce daga layin kiɗa, sai ta ja muryar a hankali ta mayar da ita daidai ba tare da an lura ba. Amma in aka ƙure saurinta, sai muryar ta riƙa faɗawa daga wannan mataki zuwa wancan farat ɗaya, wannan karkarwar ta fito. Mawaƙiya Cher ce ta fara shahara da hakan a 1998. Makaɗan Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato suka karɓe ta hannu biyu-biyu, domin ta dace da irin siririyar muryar nan ta waƙoƙin Indiya da masu kallo suka saba da ita.

A irin wannan sitidiyo Mdou ya shiga da jitarsa. Abin da ya fito wani sabon abu ne a kunnen mutanensa: jita marar lantarki tana tafiya a hankali irin ta hamada, a ƙarƙashinta gangar inji irin ta waƙar fim, a samanta kuma murya cikin harshen Tamashek an jiƙa ta sharkaf da Auto-Tune. Yawanci waƙoƙin soyayya ne da bege. In Bahaushe ya ji farkon waƙar zai ɗauka yanzu jarumi da jaruma za su ɓullo daga bayan fulawa. Sai an fara rerawa sannan zai gane ba yarensa ba ne.

A lura da shekarar. A ƙarshen 2007 ne hukumar tace finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni shida, aka shiga takun-saƙa tsakaninta da 'yan fim da mawaƙa a zamanin shugabancin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, har wasu suka tattara suka koma Kaduna. Rawa da waƙa su ne suka fi shan suka. Masana suna cewa kwaikwayon Indiya ne, dattawa suna cewa ɓata tarbiyya ne, masu kishin gargajiya suna cewa 'yan nanaye sun kashe kalangu. A daidai lokacin da ake wannan taƙaddama a kan ko kiɗan ya cancanci ya rayu, wani saurayi ya tsallako iyaka takanas don ya ari sautinsa.

BA KWALI, BA DILLALI

Masu karatu da suka kai shekaru sun san yadda ake sakin kaya a wancan zamani. Furodusa ya buga kwali, ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata, su kwafa, a sa talla a rediyo da farkon wani fim, sannan a zauna jiran ciniki. Anar bai bi ko ɗaya daga cikin waɗannan matakai ba. Ba a buga masa kwali ba, ba a kai shi wajen dillali ba, babu kamfanin da ya sake shi a lokacin.

Wayar hannu ce ta ɗauke shi. A shekarun nan ne ƙananan wayoyi masu memori da bulutus suka cika kasuwa. Samari suna zaune a majalisar shayi, wannan ya ji waƙa a wayar wancan, ya ce tura mini. Direban babbar mota ya tafi da ita Agadas, ɗan ci-rani ya wuce da ita Aljeriya, wani ya gangara da ita Mali. Ba intanet, ba gidan rediyo, amma cikin 'yan shekaru waƙoƙin sun ratsa hamada daga wannan gefe zuwa wancan.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Waƙar da ta bi ta waya goma, kafin ta isa ta goma sha ɗaya an canza mata suna, ko an goge sunan mai ita. Mutane suna son waƙar, ba su san fuskar mawaƙin ba, kuma ko sisi ba ya shiga aljihunsa daga wannan yawo. Ribarsa ɗaya ita ce a gayyace shi kiɗan biki, shi ma sai a inda aka san shi ne mai waƙar. Duk mawaƙin da ya taɓa jin waƙarsa tana tashi a shagon mai turi alhali bai ci abincin rana ba, ya san wannan ciwo.

A wajen 2010 wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mutumin birnin Portland, yana zaune a Kidal da ke arewacin Mali yana tattara kaɗe-kaɗe. Ya lura cewa taskar waƙoƙin yankin duk tana cikin wayoyin matasa ne, sai ya shiga musaya da su, ya ba su nasa su ba shi nasu. A cikin abin da ya kwasa akwai waƙar Tahoultine daga albam ɗin Anar. Abin da ya cece ta shi ne ɗan guntun suna da ya rage a jikinta: Mdou. Da wannan ɗan zaren ya yi ta cigiya har ya samu lambar wayar mai waƙar. Shi Mdou ya sha ba da labarin cewa da ya ji wani yana masa magana da gurɓataccen Faransanci wai daga Amurka, ya ɗauka wani ne ke tsokanarsa.

A 2011 kamfanin Kirkley, wato Sahel Sounds, ya fitar da faifai mai suna Music from Saharan Cellphones, ma'ana kaɗe-kaɗe daga wayoyin Sahara, da Tahoultine a ciki. Da ya zo Nijar ganin mawaƙin, tsarabar da ya riƙo masa ita ce jitar lantarki ƙirar Fender wadda aka ƙera don bahago. A 2013 aka fitar da Afelan, wanda aka naɗa a Cintabaraden. Shi kuwa Anar sai a 2014 ya samu fita a faifai da kwalinsa da sunan mai shi, shekara shida bayan an naɗe shi a Sakkwato.

Akwai wani abu da ya kamata 'yan fim su sani. Bin sawun wannan sauti ya kawo Kirkley har Kano, inda ya tattara waƙoƙin finafinan Hausa ya fitar da su a faifai mai suna Harafin So a 2013, da muryoyin mawaƙa irin su Fati Nijar a ciki. Wato waƙar Ba'abzine ce ta yi wa waƙar fim jagora zuwa kantunan faifai na Turai da Amurka.

SHI MA YA YI FIM

Ga inda labarin ya shigo gidan masu wannan mujalla sosai. A 2015 aka saki fim mai suna Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda Kirkley ya ba da umarni, Mdou ya fito a jarumi, aka ɗauka a Agadas. Ana lissafa shi a matsayin cikakken fim na farko da aka yi da harshen Abzinawa. In da a Kano ne, da an ce wankiya ce, domin an ɗauko ƙashin bayan labarin ne daga Purple Rain, fim ɗin mawaƙi Prince na 1984. Masu fim ɗin sun ce ba su samu kalma guda ta launin shunayya a harshen ba, shi ya sa sunan ya yi tsawo: ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a cikinsa.

Labarin kuwa kamar a Fagge aka rubuta shi. Saurayi makaɗi ya zo gari da babur ɗinsa mai launin shunayya, uba mai tsananin addini ba ya son ganin jita a gidansa, ga budurwa, ga abokin hamayya da ya riga shi suna, ga gasa a ƙarshe. Har da satar waƙa ta hanyar wayar hannu a ciki. Bambancinsa da wankiyar da aka saba gani ita ce an wanke shi har ya fita tas: tufafin na Agadas ne, matsalar ta Agadas ce, waƙoƙin kuma na jarumin ne da kansa, a gaban kyamara yake kaɗa su da yatsunsa. 

DAGA SANYI ZUWA TSAWA

Wanda ya san Mdou ta Anar kaɗai, in ya ji abin da yake yi daga baya sai ya rantse ba mutum ɗaya ba ne. A bukukuwan Agadas, inda ake kiɗa a fili da janareta da tsofaffin lasifikoki, samari suna son kiɗa mai sauri da ƙara. A nan ya koyi sakin jitar lantarki ta yi kuka.

Bari a ɗan yi bayanin abin da ake nufi da hard rock, don kada a ɗauka hayaniya ce kawai. Jitar lantarki tana da maganaɗisu a ƙarƙashin tsirkiyoyinta, shi ke ɗaukar motsinsu ya aika ta waya zuwa amfilifaya. In aka ƙure amfilifayar fiye da ƙarfinta, sai sautin ya dusashe ya yi kaushi, kamar dai lasifikar mai tallar magani a tasha in ya ƙure ta. Injiniyoyi sun ɗauki wannan a matsayin matsala, makaɗan rock suka mayar da shi ado. Mutum huɗu sun isa ƙungiya: mai jitar gaba, mai jitar rakiya, mai jitar bes mai kaurin murya, da mai ganguna.

A wannan fage albam na farko yana da daraja ta musamman, domin shi ne ake yi da yunwa, kafin kuɗi da suna su zo. Jimi Hendrix, wanda shi ma bahago ne, ya fito da nasa a 1967. Ƙungiyar Van Halen ta fito da nata a 1978. Guns N' Roses ta birnin Los Angeles ta saki Appetite for Destruction a 1987, aka yi kusan shekara guda kafin ya hau saman jerin ciniki a Amurka, daga baya ya zama ɗaya daga cikin albam na farko da aka fi saye a tarihi. Mdou bai tashi da sauraren waɗannan mutane ba. Sai da ya girma aka nuna masa bidiyon Eddie Van Halen, ya ga yadda yake ƙwanƙwasa tsirkiya da yatsun hannu biyu a wuyan jita, ya ɗauka ya sarrafa ta tasa hanyar.

Albam ɗin da ya fito da wannan fuska shi ne Ilana, ma'ana Mahalicci, wanda ya fita a watan Maris na 2019. Shi ne na farko da ya yi a sitidiyo da cikakkiyar ƙungiya, don haka ana iya cewa Mdou ya yi albam na farko sau biyu: ɗaya shi kaɗai a Sakkwato, ɗaya da jama'arsa a birnin Detroit na Amurka. Ahmoudou Madassane ne a jitar rakiya, Aboubacar Mazawadje a ganguna, sai Ba'amurke Mikey Coltun a bes. Kusan mako guda suka yi suna kaɗawa tare kai-tsaye, kamar suna filin biki. Babu gangar inji, babu Auto-Tune. Waƙar Tarhatazed ta haura minti bakwai, kuma wajen rabinta jita ce kaɗai ke magana.

Duk da wannan tsawa, ƙashin kiɗan na gida ne. A ƙarƙashinsa akwai takamba, kiɗan da Abzinawa da Songai ke yi da molonsu mai tsirkiya uku da ƙwarya. Maganar da ke ciki ma ta canza. Soyayya tana nan, amma an ƙara da kukan talakan hamada, da batun yuraniyom da kamfanonin Faransa suka shafe shekaru tun farkon 1970 suna haƙa a Arlit alhali yawancin ƙauyukan Nijar ba su da wutar lantarki. Mutumin Kabi da ya tashi da jin Gambu, ko Basakkwacen da ya san Ɗan'anace, ba zai yi mamakin irin wannan ba. Murya mai kaushi da magana ba ɓoye-ɓoye tsohon abu ne a ƙasar Rima.

Bayan Ilana sai ƙofofi suka buɗe. Kamfanin Matador na Amurka ya ɗauke su, suka fitar da Afrique Victime a 2021, a lokacin Souleymane Ibrahim ya karɓi ganguna. Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum alhali ƙungiyar tana yawon wasa a Amurka. Mutanen Kebbi ba su manta da wannan lokaci ba, domin an rufe iyakar Kamba, an kuma yanke wutar da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai. Su ma makaɗan sai suka maƙale a can, har masoyansu suka yi musu karo-karo. A zaman jiran ne suka naɗi Tears of Injustice da jita marar lantarki, wanda ya fita a 2025, bayan Funeral for Justice na 2024. A 2024 ɗin ne kuma suka hau dandalin Coachella, ɗaya daga cikin manyan bukukuwan kiɗa na Amurka, da rawunansu da manyan rigunansu.

ABIN DA YA SHAFI MATASAN KABI

Wani zai ce, to ai Bature ne ya zo ya ɗaga shi, in ba haka ba da yana nan yana kiɗan biki. Akwai gaskiya a ciki. Fasfo da biza da kamfanin faifai ba a samun su a majalisar shayi, kuma akwai makaɗa da yawa a Agadas da ba su samu wanda ya yi cigiyarsu ba. Amma a tuna, Baturen bai je Kidal neman Mdou ba. Waƙar ce ta riga shi isa can da ƙafarta, ta cika wayoyin mutane har ta faɗa hannunsa. In da aikin bai yi daɗi ba, da tun a waya ta biyu an goge shi don a samu wurin sa wani.

Darasi na farko ke nan ga yaron da ke Gwadangaji ko Argungu ko Jega da yake ganin sai ya je Kano ko Legas sannan zai yi abin kirki. Ƙaramin sitidiyo irin na lungu ya isa a yi aikin da zai yi tafiya, in akwai abin da za a faɗa da kuma sabon salo. Mdou bai kwaikwayi waƙar fim ba, bai kuma tsaya a kan kiɗan iyayen gidansa ba. Ya ɗauki rabi nan, rabi can, ya fito da abin da babu mai shi sai shi.

Na biyu, suna. Haruffa huɗu ne suka rage a jikin waccan waƙa, kuma su ne suka haɗa mai ita da arzikinsa. Mawaƙi ya ambaci sunansa a cikin waƙa, ya tabbatar an rubuta shi daidai a jikin fayil, ya ajiye masta a hannunsa, ya kuma yi rubutacciyar yarjejeniya da mai sitidiyo da furodusa ko da abokinsa ne na ƙud-da-ƙud. Haka shi ma makaɗin da ya zauna a gaban fiyano ya kwana yana haɗa sauti, ya nemi a sa sunansa. Masu turi kuma, don Allah a daina goge sunan mawaƙi ana sa na shago da lambar waya. Wannan ɗabi'a ta binne mutane da yawa da ransu.

Na uku shi ne mai ɗaci. Auto-Tune ce ta buɗe wa Mdou ƙofa, amma ba ita ta zaunar da shi a ɗakin ba. Abin da ake biyan kuɗi a je a gani shi ne yatsunsa a kan tsirkiya, abin da ya fara koya da wayar birkin keke. A industirin fim kuwa, mawaƙa nawa ne za su iya tsayawa a gaban jama'a awa guda in aka ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu? A wajen gala da biki, sau nawa ake ganin mawaƙi riƙe da makirfo yana motsa baki, faifai na yi masa aikin? Ga gurmi, ga kukuma, ga garaya, ga molo, ga kuntigin da marigayi Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya da shi. Ga makaɗan da ke bin masunta cikin kwalekwale a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu, bikin da hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Duk waɗannan kayan kiɗa ana iya jona su da amfilifaya a haɗa su da ganguna, kamar yadda Abzinawa suka ɗora kiɗan molonsu a kan jita. Abin da ake jira shi ne yaron da zai yarda ya zauna gaban tsoho shekara biyu ko uku yana koyo, abokansa suna masa dariya.

Saboda haka, mai karatu, ga aikin gida. Ka nemi Tahoultine ka saurara, sannan nan take ka sa Tarhatazed. Tsakaninsu shekara goma sha ɗaya ce, kuma mutum ɗaya ne. In ka koma wajen mai turin nan na unguwarku, ka ba shi su ya ajiye a kwamfutarsa, ka tsaya a kansa har sai ya rubuta sunan daidai: Mdou Moctar, Anar, Sakkwato, 2008.

Masu sitidiyo da makaɗan Kebbi da Sakkwato da Zamfara da ke da abin cewa a kan wannan batu, ƙofar wannan fili a buɗe take. Sai a fitowa ta gaba, in Allah ya kai rai.